Igwa Bakwai Don Uloaku

Matata Uloaku ta fita sayen gishiri ranar kasuwar Afo, gwamnati ta kashe ta. Washegari rediyonsu ya ce sansanin 'yan tawaye aka ragargaza. Shekara ashirin da 'yan kai ina zaune da matar nan ban taɓa sanin sansani ce ba, ko da yake in ta fusata akan ga alama.

Kasuwar ma ba a mazauninta na da take ci ba. Kwamitin tsaro na garinmu, Amaiyi, ya ɗauke ta ya kai cikin kurmi. Ya hana sa fararen kaya, ya kuma ce kowa ya lulluɓe rufin kwanonsa da ganyen kwakwa don kada jirgi ya ga ƙyalli. Ganyen ya bushe ya yi ja, har ya zama duk inda aka hango jan tabo a cikin koren daji, to gidan mutum ne. Na faɗa musu haka a taro, suka ce Hedimasta ya cika surutun littafi. Ganyen kwakwa kuwa, da ma motar da ta ɗauko gawa muke ɗaura wa. A shekara ta biyu ta yaƙin babu motar da ba ta sanye da shi, babu gidan da bai lulluɓa da shi ba, kuma duk garin ni kaɗai na ga abin dariya a ciki.

Na same ta kwance kusa da masu sayar da manja. Jikinta bai lalace ba. Wani guntun ƙarfe ne, bai kai babban yatsa ba, ya shiga ta bayan kunnenta. Gishirin kam ba ya hannunta, wani mai hankali ya riga ni isowa. Mata suka yi ta ce mini in gode wa Allah da na same ta a haɗe, don akwai waɗanda a kwando suka kwashi nasu. Na gode masa. Ban sani ba ko ya ji, don sama ta cika da ƙara a shekarun nan.

Ɗanmu namiji ya tafi fagen daga tun farkon yaƙi, hularsa kawai aka dawo mana da ita. Saura 'yarmu Ekemma, wadda take karatun malanta kafin a mayar da makarantarsu barikin soja. Ita kaɗai ta rage mini. Na karanta tarihin yaƙe-yaƙe da yawa, na san duk yaƙi yana ƙarewa, manya su yi musabaha, a ɗauki hoto. Abin da na ƙudura shi ne ranar da za a ɗauki hoton nan Ekemma tana numfashi, ko da zan ɓata da duniya da lahira.

So na yi in binne Uloaku a bayan ɗaki, mu uku ko huɗu, ba kiɗa ba taro. Amma mace aro ce a gidan mijinta, in ta mutu sai a mayar wa masu ita. Muka ɗora ta a gadon gora, samari suka ɗauka, muka bi hanyar daji zuwa Umuokpo, garin ubanta. Ekemma na biye da gadon har muka isa.

Yayan Uloaku, Ukaegbu, shi ne babban gidan. Dillalin manja ne kafin yaƙi, mai jar hula da gashin mikiya, kuma tumbinsa na cikin 'yan abubuwan da yunwa ba ta ci ba a ƙasar. Ya ɗaga zanin da aka rufe ta, ya daɗe yana kallon fuskar ƙanwarsa, ya yi kuka na gaskiya. Ba zan hana shi wannan ba. Da ya gama ya face hanci, ya shaƙi garin taba, ya juyo gare ni ya kira ni Ogo, wato suruki.

"Ogo, ka dawo mana da ita."

"Na dawo da ita, Dede," na ce, yadda ake kiran na gaba don girmamawa.

"Ba haka muka ba ka ita ba, amma ba kai ka yi ba. Igwa bakwai za a buga mata."

"Me bakwai?"

"Kai ma bam ɗin ya taɓa maka kunne ne? Igwa bakwai na ce. Ina da albarushi da na ɓoye tun kafin soja su fara bi gida gida. Maƙeri yana nan da bututunsa."

Na ce, "Dede, zauna mu yi magana."

"A zaune nake."

"Igwa tana wuta, tana hayaƙi. Mutumin da ke cikin jirgin nan ya ga mata da tulunan manja ya ce sansani ne. In ya ga wuta na tashi daga ƙasa tana nufo shi, me kake so ya ce?"

"Ya ce jana'iza ake. Shi ba a mutuwa a garinsu?"

"An ce daga wata ƙasa aka yi hayarsa."

"To a ƙasar tasu ba sa binne mutane? Saurara, Ogo. An kashe yarinyar nan a kasuwa kamar kaza. Ita ta riƙe gidan nan lokacin da ubanmu ya kwanta. Uwarmu ma igwa biyar ta samu don a lokacin ba ni da ko wando na biyu. Yanzu so kake ta shiga wurin kakanni a sace, kamar ɓarauniyar doya? Sai sun ji tahowarta sun miƙe tsaye."

"Kakanni suna ƙasa, Dede. Na sama nake tsoro."

Dattawan da ke zaune suka yi gyaran murya, ɗaya ya jero karin magana har uku a jere, kowanne na nufin in rufe bakina. Na nemi sassauci. Na ce to a yi da sassafe, kafin hazo ya washe. Ukaegbu ya ce wanda ya rataye kansa da wanda kumburi ya kashe ake binnewa a irin wannan lokaci, ƙanwarsa sai rana ta take tsaka. Jirgin kuwa shi ma rana tsaka yake so, don matuƙin mutum ne mai tsari, ba ya fitowa kisa sai ya karya kumallo ya huta. Na ce to a kai igwar bakin rafi, nesa da mutane, kakanni ai ba kurame ba ne.

"In ka yi baƙo, a ƙofar maƙwabcinka kake yi masa maraba? A ƙofar gidan nan za a buga, ta san ƙofar da za ta bi."

"Shi ke nan," na ce. "Gawa taku ce, albarushi naku ne. Amma Ekemma tawa ce. Ba za ta zauna a wurin ba."

Nan ne Dada Mgborie ta taso. Ita ce babba a cikin 'ya'yan gidan mata, waɗanda suka yi aure a wasu garuruwa, ba sa dawowa sai an yi mutuwa, kuma in sun dawo ko sarki ba ya musu da su. Tsohuwa ce ƙarama, haƙorinta ɗaya, amma ta san aikinsa.

"Me na ji mijin 'yarmu ya ce?"

"Na ce yarinyar..."

"Yarinya? Ada ce! 'Yar fari! Ita za ta zauna a kan uwarta tana kore mata ƙuda har a sa ta a ƙasa. Ba ta tashi ko da fitsari ne ya matse ta. Ko littafin naka ne ya ce a bar wa ƙuda gawa?"

"Littafin ya ce bam yana kisa, Dada."

"Ji mini mutum! Sai da ka je makaranta ka san wannan? Mu da ba mu je ba, wa muka ɗauko a gadon gora?"

Mata suka yi shewa. Wata ta ce tun ranar da aka kawo kuɗin aure ta san wannan mai tabarau ba zai yi ba, ko giyar bammi bai iya zubawa ba sai da ya jiƙa wa dattawa ƙafa. Ina neman amsa ke nan sai Ekemma ta yi magana, karo na farko tun ranar kasuwar.

"Papa, zan zauna."

Na fita na ɗauki keken wani na nufi makarantar firamare, inda 'yan sa-kai suka yi mazauni. Akwai dokar da ta hana taro da harbi, na ce bari sau ɗaya a rayuwata in ga doka ta yi mini amfani. Shugabansu Laftanar Fidelis ne, tsohon ɗalibina. Na same shi a ofishin hedimasta, ƙafafunsa a kan tebur, cinyar akuya rataye a jikin allo. Tun daga ƙofa na gane akuyar. Ita na gani ɗaure a gidan Ukaegbu ɗazu.

Ya zabura ya sara mini. "Sa! Sannu da rashi, sa. Mama ta sha ba ni abinci."

"To rama mata, Fidelis. Ka hana su buga igwa."

Ya sosa ƙeya. "Sa, doka harbi ta hana. Wannan ba harbi ba ne, al'ada ce."

"Daga sama yaya ake bambanta su?"

"Sa, ai abin ma da amfani. In jirgi ya ji ƙara zai san ba barci muke ba. Kuma Dede Ukaegbu ya ce in albarushi ya yi saura namu ne. Kalli yarana, sa."

Na kalle su ta taga. Suna fareti a filin ƙwallo da bindigogin katako, wani ma tabarya ya saɓa.

"Fidelis, yanzu na tuna dalilin da ya sa ka maimaita aji huɗu."

"Lissafi ne, sa," ya ce yana murmushi. "Amma ga shi Allah ya ɗaga ni."

Da na koma, samari na haƙar kabari a tsakar gida, 'yan taku kaɗan daga rumfar da aka shimfiɗe gawar. Ukaegbu na tsaye a kansu da sanda. Duk sanda suka ce ya isa sai ya leƙa ya ce, "Ƙanwata ce za ta kwanta, ba rogo za ku dasa ba. Ku ƙara." Sai da ramin ya shanye mutum a tsaye har da hannunsa a ɗage, sannan suka fafe ɗaki a gefe inda za a tura ta. A can bayan gida akwai ramin ɓuya da kwamitin tsaron garinsu ya sa aka haƙa. Zurfinsa iya gwiwa, ruwan sama ya cika shi, 'ya'yan kwaɗi na iyo a ciki cikin kwanciyar hankali. Mutanenmu ba sa wasa da matacce. Mai rai kuwa ya yi ta kansa.

Da safiyar jana'iza na samu Ekemma ita kaɗai a gefen uwarta. An yi wa Uloaku wanka, an ɗaura mata zaninta mai ruwan shuɗi da hoton tsuntsaye, wanda take ajiya don bikin 'yarta. Ekemma na riƙe da mafici tana kaɗawa a hankali. Na tsuguna.

"Ada, ba zan ce ki tashi ba. Abu ɗaya nake roƙo. In kin ji jirgi, ki gudu."

"In na gudu wa zai kore mata ƙuda?"

"Ƙuda ba sa kashe matacce."

Ta dube ni da idanun uwarta, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi tusa a coci.

"Papa, ranar nan ni ce da zuwa kasuwa. Na ce mata kaina na ciwo. Ba wani ciwo, ƙyuya ce kawai. Ta ce in kwanta, ta ɗauki kwandon ta tafi. Na bar ta sau ɗaya. Ba zan ƙara ba."

Ina da amsoshi masu kyau. Na koyar da yara shekara da shekaru yadda ake gina hujja a rushe ta abokin gardama. Na bar su a cikina, na tashi na ba ta wuri.

Kafin rana ta take, gidan ya cika. Ban da dangi, 'yan gudun hijirar da ke kwana a coci sun ji labarin an yanka akuya, suka zo da 'ya'yansu masu jan gashi da kumburarren ciki, suka yi ta kuka a kan matar da ba su taɓa gani ba. Ban ga laifinsu ba, kukan nasu ma ya fi na wasu dangin gaskiya. A filin ƙofar gida, inda babu ko bishiya ɗaya, maƙeri ya kakkafa bututun ƙarfe bakwai a jere, ya ɗura musu albarushi ya danne da jar ƙasa. Bakinsu duka na kallon sama. Na taɓa ganin hoton irin wannan jeri a littafin yaƙin Turawa, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa da su ake kakkaɓo jirage.

Ukaegbu ya fito da jar hularsa, ya zuba bammi a ƙasa, ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya, ya ce su buɗe ƙofa 'yarsu na tafe. Ya ɗaga sanda.

Ta farko ta tashi. Ƙasa ta girgiza, jarirai suka tsala ihu, farin hayaƙi ya miƙe ya wuce kan itatuwan kwakwa ya tsaya a sama kamar an kafa tuta. Mata suka yi guɗa. Ta biyu. Ta uku. Ukaegbu ya waiwayo ya same ni a cikin taro.

"Ogo! Ina jirgin naka? Ko bai gama karin kumallon ba?"

Aka yi dariya. Ta huɗu ta tashi, kuma da ƙararta ta lafa sai muka ji wata a ƙarƙashinta, siririya, wadda ko ɗan yaye a ƙasar ya san ta.

Ba wurinmu ya nufo ba, wannan zan iya rantsewa. Can sama yake, yana wucewa abinsa zuwa wani gari da rabonsa ya tsaga ranar. Na ga ya karkata fiffike ya juyo, kamar mai wucewa a hanya da ya ji an kira sunansa.

Taro ya watse. Wasu suka yi daji, wasu suka faɗa ramin kwamiti a kan kwaɗi, iyaye mata suka kife a kan 'ya'yansu. Ukaegbu na tsaye a fili yana kaɗa sanda.

"Ku ƙarasa! Saura uku! Kada ku bar ta a bakin ƙofa!"

Maƙerin ya riga ya sa wuta a zaren, ko yana so ko ba ya so. Ta biyar da ta shida suka tashi daidai lokacin da jirgin ya sunkuyo. Na sha tunanin matuƙin nan. Wata da watanni yana zuba wa kasuwanni da asibitoci wuta ba wanda ya taɓa jifansa ko da dutse, yau ga gari ya mayar masa da martani. Ina jin har daɗi ya ji, ya samu labarin da zai ba 'ya'yansa.

Ni ban gudu daji ba, rumfa na nufa. Ekemma na nan inda na bar ta, kowa ya watse, ita kaɗai da uwarta, mafici na tafiya yana dawowa.

"Tashi!"

"Ba zan tashi ba."

"Ekemma, tashi na ce!"

"Ka tafi, Papa!"

Ni mutum ne da bai taɓa ɗaga abin da ya fi alli da bulala nauyi ba. Na cafke ta ta ƙugu na ɗaga ta sama. Ta riƙe ƙafar gadon, na fizge ta. Ta kafa mini haƙora a dantse har na ji sun taɓa ƙashi. Daji ya yi nisa, ramin kwamiti ya cika da mutane, kuma ko babu kowa a ciki ba zan ba shi amanar kaza ba. Rami ɗaya ne a garin nan da aka haƙa da gaske. Na jefa ta ciki na bi ta, na tura ta cikin ɗakin da aka fafe wa uwarta, na toshe bakin da jikina.

Ban ji ƙarar ba. Abin da na ji shi ne ƙasa ta naushe ni a ƙirji, sai duhu, sai jar ƙasa a baki da hanci. Sau biyu aka yi haka. Ekemma na ta dukana a baya da hannu, da haka na san tana da rai.

Da muka tono kanmu muka fito, babu rumfa, babu gadon gora. Inda Uloaku take kwance rami ne mai hayaƙi. Gwamnati ta kashe matata sau biyu a mako ɗaya, kuma a karo na biyu ba ta bar mini abin da zan gode wa Allah a kai ba. Sai can da yamma wani ya hango ƙyallen shuɗi mai hoton tsuntsu a saman bishiyar kwakwa, ya hau ya sauko da shi.

Maƙeri ya mutu a kan bututunsa. Ukaegbu ya mutu da sandarsa a hannu, jar hular ko ƙura ba ta yi ba. Sauran yawancinsu 'yan gudun hijira ne da 'ya'yansu, waɗanda suka zo don akuya, ba wanda ya san sunayensu balle garin da za a mayar da matan cikinsu. Igwa ta bakwai na nan a kafe, ba ta tashi ba.

Rediyonsu ya ce an lalata wata babbar cibiyar harbo jirage. Ranar nan ce kaɗai a duk yaƙin suka kusa faɗin gaskiya. Rediyonmu ya ce jaruman dakarunmu na Umuokpo sun fatattaki jirgin abokan gaba da ruwan wuta. Fidelis ya zo ya tuge igwa ta bakwai ya tafi da ita, aka ƙara masa girma.

An binne su washegari da sassafe, kafin hazo ya washe, ba kiɗa ba taro. Kabarin Uloaku ya ɗauki yayanta, da ƙyallen zaninta, da duk wanda aka iya haɗawa. Da ma an haƙa shi da zurfi. Ukaegbu mai jar hula ya shiga wurin kakanni a sace, a lokacin masu rataye kansu. Na tsaya ina jira wani ya kawo maganar igwa, ba wanda ya kawo.

Ina shirin kama hanya sai Dada Mgborie ta tare ni. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Irin su bam ma kauce musu yake.

"Ina za ka, mijin 'yarmu? Akwai magana a kanka. Ka ɗaga ada daga kan uwarta. Ka kuma sa mai rai a kabari. Ƙasa ta ɓaci, sai an wanke ta."

"Dada, ƙasar da bam ya tone sau biyu, ni na ɓata ta?"

"Bam baƙo ne, bai san al'ada ba. Kai ka sani. Akuya za ka kawo."

Akuya ta ƙare a Umuokpo, ta ƙarshe ita aka ci jiya. Aka sauko kan kaza, ita ma babu. A ƙarshe aka sasanta a kan ƙwai ɗaya da wata mata ta ɓoye a cikin tukunya. Dada ta zagaya kan Ekemma da shi tana ƙus-ƙus, ta fasa shi a ƙasa. Yaran da suka rage daga cocin suna tsaye suna kallon gwaiduwar tana nutsewa cikin turɓaya. Ƙasa ta wanku.

A hanyar komawa Ekemma na gaba ina baya. Na yi mata magana ba ta amsa ba, sai daga baya na gane kunnenta na hagu ya mutu a cikin ramin. Na zagayo ta dama na sake magana. Nan ma ba ta amsa ba, kuma wannan kunnen lafiyarsa lau. Sai da muka hango jajayen rufin Amaiyi ta tsaya.

"Ka sa na bar ta sau biyu."

"Na sa."

"Ba zan yafe maka ba, Papa."

"Kada ki yafe. Ki daɗe kina ƙi na. Ki tsufa kina yi."

Ta kuwa ji maganata, abin da ba ta saba ba. Yaƙi ya ƙare, manya suka yi musabaha, aka ɗauki hoto. Ekemma ta koma makaranta, yau ita ma hedimasta ce, da 'ya'yanta har da jikoki. Tana zuwa duk Kirsimeti da shinkafa da maganin ciwon gwiwa, ta zauna ta juya mini kunnen hagu. Tabon haƙoranta na nan a dantsena. Ƙananan jikokin kan tambaya ko kare ne, in ce a'a, kakarsu ce, su yi ta dariya suna zaton wasa nake.

Bara da ta zo ta same ni ina tari, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ta riga ta yi magana da wani maƙeri. Ranar da na mutu igwa bakwai za ta buga mini, da rana tsaka, a ƙofar gida, don ta san babu abin da zai fi ɓata mini rai.

Na zagaya ta kunnen dama na ce ta buga goma sha huɗu in tana so. Ta dai sa a haƙa ramin da zurfi, ta kuma tsaya kusa da shi.